Mararrabar da Ba Ta Cikin Littafin Kowa

Wurin

Unguwar tana gabashin Kumasi, cikin zangunan da ke tsakanin tsakiyar gari da filin jirgi. Ba zan kama sunanta ba, domin waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu, wasunsu ma sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci. Ni na riƙe littafin kwamitin da aka kafa kan matsalar buge yara da motoci ke yi a wata mararraba ta unguwar, kuma daga cikinsa na ɗebo abin da ke ƙasa.

Titin kwalta ne mai hannu biyu, mota ɗaya a kowane hannu. Ya gangaro daga tudu, kwata a buɗe dama da hagu, babu inda mai tafiya da ƙafa zai bi sai bakin kwaltar. Yawancin gidaje suna gefe ɗaya. A ɗaya gefen akwai firamare ta Islamiyya, da makarantar allo, da masallaci, da 'yar kasuwar yamma inda ake sayar da koko da ƙosai da wake da shinkafa. Yaro ɗaya yakan tsallaka sau huɗu a rana: zuwa boko da dawowa, zuwa makarantar allo bayan la'asar da dawowa gab da magariba. Ban lissafa aike ba.

Lokacin da titin yake jar ƙasa, ƙura ce abin kuka, mota kuwa dole ta lallaɓa saboda ramuka. Da aka shimfiɗa kwalta sai direbobin trotro, wato ƙananan bas na haya, da na tasi suka gane cewa nan ne mafaka daga cunkoson babban titi. Daga baya pragya (keke mai ƙafa uku na fasinja) da aboboya (mai ƙafa uku na kaya) da okada suka ƙaru a kai.

Dokokin hanya na 2012, wato L.I. 2180, sun ƙayyade gudun kilomita 50 a awa cikin gari, sannan 30 a kusa da makaranta ko masallaci ko coci ko asibiti ko kasuwa. Mararrabarmu ta haɗa uku daga cikinsu, amma babu allo ko ɗaya da ke nuna haka.

Nuwamba 2018 zuwa Fabrairu 2019: abin da ya tayar da magana

A ranar 8 ga Nuwamba 2018 mazauna Adenta a Accra suka toshe babban titin Madina zuwa Adenta, suka ƙona tayoyi, bayan mota ta kashe wata ɗaliba a inda aka bar gadojin tsallakawa ba a gama ba. Ba a daɗe ba aka koma aikin gadojin. Matasanmu sun kalli wannan duka a waya, sun kuma riƙe darasin da suka ga dama.

A watan Fabrairu, da magariba, pragya ta tsaya sauke fasinja daidai ƙofar makarantar allo. Wata yarinya 'yar shekara bakwai ta fito ta gaban pragyar za ta tsallaka, trotro da ya zo wucewa ya ɗebe ta. Ta karye a cinya, ta rayu. Direban ɗan unguwa ne, mahaifinsa ladan ne a wani ƙaramin masallaci. Washegari aka zauna a zauren Sarkin Zango, direban ya durƙusa, mai motar ya ɗauki kuɗin magani, uban yarinya ya ce ƙaddara ce, ya yafe. Aka shafa fatiha. Ba wanda ya je wurin 'yan sanda, ba kuma wanda ya ga dalilin zuwa.

Maris zuwa Yuli 2019: tudun matasa

Matasa suka yi karo-karo suka sayi siminti buhu biyar. Da dare suka jera duwatsu da fasassun bulo a faɗin titin, suka zuba jar ƙasa, suka shafe da siminti. Tudun ya yi tsayi, ya yi siriri, babu fenti, babu fitila kusa da shi.

Makon farko an yi ta sa musu albarka. Sannan abubuwa uku suka bayyana. Motoci sukan taka birki a kan tudun, da sun haye sai su take mai, kuma daidai inda suke ɗaukar gudun nan ne ƙofar makarantar. Masu babur da pragya sukan kauce ta bakin kwata inda tudun ya ƙare, wato ta inda yara ke tafiya. A watan Afrilu kuma wani baƙo a kan babur, wanda bai san da tudun ba, ya hau shi cikin duhu ya faɗi, matar da ya ɗauko ta karye a hannu.

Ruwan Mayu da Yuni ya cinye ƙasar ya bar duwatsun tsirara. A Yuli ma'aikatan hanya suka zo suka kwashe sauran, domin ba a yarda kowa ya gina abu a kan titin gwamnati ba tare da izini ba. Wani dattijo da ke zaune bakin masallaci ya bi su da kallo ya ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Matasan ba su ji daɗin maganar ba.

Agusta zuwa Disamba 2019: neman mai titi

Bayan Babbar Sallah aka kafa kwamiti na mutum tara: wakilin Sarki, Liman, Magajiya, hedimasta, shugaban direbobin tasha, asambuliman (wakilin unguwa a majalisar yanki), matasa biyu, da ni. Wata biyu muka yi kafin mu gane ƙofar da ya kamata mu ƙwanƙwasa.

Titunan Ghana suna ƙarƙashin Ma'aikatar Hanyoyi, amma a lokacin hannu uku ke riƙe da su: hukumar manyan hanyoyi, sashen titunan birane, da sashen hanyoyin karkara. Kiyaye haɗurra kuwa aikin wata hukuma ce dabam da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Sufuri. An kafa ta a 1999, a cikin 2019 ɗin nan kuma doka mai lamba 993 ta ƙara mata iko ta zama NRSA. Tana wayar da kai, tana daidaita ayyukan hukumomi, tana sa ido, amma ba ita ke zuba kwalta ba. Kama mai laifi na 'yan sandan MTTD ne, masu kula da zirga-zirgar motoci. Alƙaluman haɗurra kuma cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi, BRRI, da ke Fumesua a bakin Kumasi, takan tattara su daga fayilolin 'yan sanda.

Kuɗi ma haka suke a rarrabe. A lokacin akwai Asusun Hanyoyi da aka kafa da dokar 1997, wanda mafi yawan abin da ke shigarsa daga harajin man fetur ne, kuma ayyukan kiyaye haɗurra suna cikin abin da doka ta yarda a kashe shi a kai. Akwai asusun bai-ɗaya na majalisun gundumomi, wanda tsarin mulkin 1992 ya ce kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa. Akwai kuma Asusun Raya Zango na dokar 2017.

Mun rubuta wasiƙa huɗu. Ofishi ɗaya ya kira mu. Jami'in ya karɓe mu da mutunci, ya saurari wakilin Sarki har ya gama, sannan ya tambaya da Tonanci, harshen Asantawa: mutum nawa aka buge a wurin cikin shekara uku? Muka ce da yawa. Ya ce nawa? Muka dubi juna. Ya juyo mana da kwamfutarsa, ya nuna jerin wuraren da haɗari ya yi ƙamari a yankin, waɗanda su za a fara gyarawa in kuɗi ya samu.

"Alhaji, ban ƙaryata ku ba," in ji shi. "Amma a takarda, ba a taɓa buge kowa a mararrabarku ba."

Abin da ya iya nuna mana shi ne wani ɗan kaso na wayar da kai da bincike da ake iya bai wa ƙungiyoyin unguwa ta hannun majalisar yanki. Muka nema.

2020 zuwa Mayu 2021: tallafin da taron gangami

An amince a farkon 2020. A ranar 16 ga Maris aka rufe makarantu saboda korona, daga 30 ga Maris kuma aka kulle Kumasi da Accra na mako uku. Kuɗin bai fito ba sai bayan an buɗe makarantu a Janairun 2021. Jimillarsa ba ta kai kuɗin sabuwar pragya ɗaya ba. Sharuɗɗansa: a yi wa kwamiti rajista, a buɗe asusun banki, a kawo rasidi kan kowane sidi, a rubuta rahoto. Ba a sayen siminti da shi, ba a biyan albashi.

Kashi biyu cikin uku ya tafi a rana ɗaya. An kafa rumfuna, an jera kujeru, an ɗinka riguna, an buga fastoci, an kawo lasifika. Jami'ai sun yi jawabi, yara sun yi wasan kwaikwayo, an koya musu duba hagu, duba dama, sake duba hagu. An sayi alluna biyu masu doguwar sanda na tsayar da mota, da riguna masu ƙyalli shida, aka sa matasa shida su riƙa tsallakar da yara da safe daga bakwai zuwa takwas.

Yaran sun haddace darasin kamar karatun allo. Fastocin da Turanci aka buga su, iyaye mata da yawa ba su karanta ba. Direbobin da suka halarci taron 'yan tasharmu ne, masu tsayawa a mararrabar ko da ba a ce musu ba. Masu ratsawa da gudu daga wasu unguwanni suke, ba wanda ya gayyace su, ba kuma mu san inda za a same su ba. Mako guda bayan Ƙaramar Sallah, cikin Mayu, okada ya buge wani yaro ɗan shekara tara da magariba, taku kaɗan daga inda aka buge yarinyar 2019. Ya fashe a kai, ya kwana huɗu a asibiti. Yana cikin waɗanda suka yi wasan kwaikwayon.

Yuni zuwa Disamba 2021: littafin

Sulusin kuɗin ya rage, kuma sharaɗin ya ambaci bincike, kalmar da ba wanda ya kula da ita a cikinmu. Wani ɗan unguwa da ke karatun injiniya a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, ya zo zama ɗaya, ya ce a sayi babban littafi mai layi, da tef na awo, a ba shi mutum huɗu na mako biyu.

Aikin farko na Magajiya ne. Ta bi gida-gida tana tambayar mata wa aka taɓa bugewa, yaushe, da wane lokaci, a daidai ina. Maza sukan ce ba komai, an wuce wurin. Mata ba su manta ba, domin su suka yi jinya. Ba sa riƙe kwanan wata, amma suna riƙe cewa ana saura kwana biyu sunan wance ne, ko cikin azumin da aka yi ruwa ranar Sallah. Daga nan Magajiya ta je wurin mai ɗorin unguwa.

"Baba, na zo ne da roƙo," ta ce masa. "Yaran da ka ɗora wa ƙafa saboda titin nan, kana tuna su?"

"Hajiya, wanne zan manta? Hannuna ya taɓa su."

Ya lissafa su da sunan gidajensu. Abin da ya faɗa da abin da matan suka faɗa ya zo kusan ɗaya. Ashe rajistar da jami'in ya nema tana nan, a ƙwaƙwalwar wani tsoho da ke zaune kan buzu, wanda babu wata hukuma da ta san da shi.

Aiki na biyu awon gudu ne. Aka auna mita 50 a gangaren, aka shafa fenti a farko da ƙarshe. Mutum ɗaya ya ɗaga hannu in mota ta taka layin farko, wani ya danna agogon waya. Lissafin mai sauƙi ne: motar da ke kan kilomita 30 a awa tana cin daƙiƙa 6 a wannan tsakanin, mai kilomita 50 kuma daƙiƙa 3.6. Yawancin motocin da ba su tsaya ɗaukar fasinja ba sun share shi cikin daƙiƙa 4 ko ƙasa da haka. Ɗalibin ya yi wa kwamiti bayani da alli a bangon makaranta. Mota mai gudun 50 tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa, mai 30 kuma mita 8 da 'yan kai. Kafin ƙafar direba ta bar totur ta kai birki, daƙiƙa ɗaya aƙalla ta wuce. Bayan an taka birkin ma, nisan da mai 50 ke buƙata kafin ta tsaya ya kusa ninka na mai 30 sau uku.

Aiki na uku zama ne kawai a bakin titi, daga asuba zuwa isha, ana rubuta yawan masu tsallakawa da inda suke bi. Da aka haɗa ukun, hoton ya fito. Kusan duk haɗurran yara sun faru tsakanin la'asar sakaliya da isha, ba da safe ba, inda muka tsayar da matasanmu. Kusan duka a wuri ɗaya ne, gaban ƙofar makarantar allo, inda trotro da pragya ke tsayawa. Yaro gajere ne, motar da ta tsaya tana rufe shi, shi ba ya ganin mai zuwa, mai zuwa ba ya ganin shi. Kuma ana tashin su gaba ɗaya daidai lokacin da gari ya fara duhu, kowa na saurin ya samu sallah.

Janairu zuwa Afrilu 2022: maganar kai rahoto

Nan aka fi daɗewa. Ɗalibin ya ce littafinmu zai taimaka, amma jerin da gwamnati ke aiki da shi daga fayilolin 'yan sanda yake fitowa, don haka duk haɗarin da aka kashe a zaure bai faru ba a wurinta.

Shugaban direbobi ya ƙi. Hujjarsa ba ta banza ba ce: in an kai rahoto za a riƙe mota a yi mata gwaji, direba ya rasa aikin kwanaki, mai mota ya kore shi, alhali ya ɗauki jinya kuma an yafe masa. Wakilin Sarki ya ce kai ɗan maƙwabci ofishin 'yan sanda abin kunya ne a zango. Akwai kuma tsoron da ba a faɗa da ƙarfi, cewa in rai ya fita kuma hukuma ta shigo, gawa za ta kwana ana jiran takardu, alhali musulmi yana son a sallaci mamacinsa a rufe shi da wuri.

Hedimasta ne ya kawo batun inshora. Tun dokar 1958 wajibi ne kowace mota ta kasance da inshorar da ke biyan wanda ta ji wa rauni, kuma akwai asusun diyya a hukumar inshora ta ƙasa domin wanda mota marar inshora ta buge, ko wadda ta gudu. Duka biyun ba a samun su sai da rahoton 'yan sanda da na likita. Yarinyar 2019 tana ɗingishi har lokacin, kuɗin da mai motar ya bayar ya ƙare tun a wata na biyu.

Liman ya saurara zama biyu bai ce komai ba. A na uku ya ce uba yana da ikon yafe ɓacin ransa, amma jinyar yaro haƙƙin yaron ne, ba na uban ba. Aka tsaya a kan cewa zaure yana nan, yafiya tana nan, amma za a kai rahoto, kuma wakilin Sarki da shugaban direbobi su za su raka direban da kansu domin kada ya zama kamar an kai shi ƙara.

Na farko da aka gwada haka a kansa mai pragya ne da ya goge wata tsohuwa cikin azumi. An riƙe kekensa kwanaki. Mahaifiyarsa ta daina gaisawa da Magajiya har bayan Sallah.

Mayu 2022 zuwa 2023: gyara

Abin da bai buƙaci izinin kowa ba aka fara yi. Malamin makarantar allo ya yarda aka toshe ƙofar da ke kallon titi, aka fasa wata ta lungu, yadda yaro zai yi tafiyar taku talatin kafin ya iso kwalta. Ya kuma yarda ya riƙa tashin yara minti ashirin kafin kiran magariba, rukuni-rukuni, ƙanana da farko. Shi ne ya fi kowa jan ƙafa, domin a ganinsa an rage wa karatu lokaci, sai da Liman ya taka har zaurensa. Direbobin tasha suka matsar da wurin tsayawa mita 40 ƙasa. Matasan nan shida aka mayar da su yamma. Wani mai shago ya ja waya ya sa fitila a kan mararrabar.

Sannan aka koma ofishin da littafin, da taswirar da ɗalibin ya zana, da kwafin rahotannin 'yan sanda biyu. Wannan karon injiniya ya zo, ya tsaya a wurin da yamma ya gani da idonsa. Aka sa mararrabar a jeri.

Jira ya yi tsawo. Gwamnati ta daina karɓar kuɗin tolget a Nuwamban 2021, wanda ɗaya ne daga mashigan Asusun Hanyoyi, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 54 cikin 100 a Disamban 2022. Sai cikin 2023 aka yi aikin: tudun rage gudu guda biyu masu faɗi, ɗaya a saman gangaren, ɗaya kafin wurin tsallakawa, dukansu daga kwata zuwa kwata yadda babur ba zai kauce ba, da zanen tsallakawa, da alluna biyu masu lamba 30. Rufe kwata da wurin tafiyar ƙafa, waɗanda muka nema tare, ba a yi ba. Da aka sake awo a mita 50 ɗin nan, yawancin motoci sun koma cin daƙiƙa 6 zuwa 7.

Sakamako, da abin da nake gani

Daga matsar da ƙofa a 2022 har kwamiti ya daina zama a ƙarshen 2024, littafin bai ɗauki sunan wani yaro da aka buge a wurin ba. Abin da ya ɗauka faɗuwar babur biyu ne.

A ganina, tudun matasa ya faɗi ne domin an gina shi cikin fushi a inda ba nan ciwon yake ba. Taron gangami ya faɗi domin ya ɗora nauyin a kan ɗan shekara bakwai, wanda ko ya haddace darasi idonsa bai iya auna gudun mota ba tukuna, kuma ba ya hango abin da ke bayan trotro. Ni ma ina cikin waɗanda suka sa hannu aka ɗinka rigunan, kuma na san dalilin: taro yana da hoto da rasidi, yana cika rahoto cikin sauƙi. Sulusin da ya rage, wanda aka kashe kan littafi da tef da fenti da kuɗin shayin masu ƙirga, shi ya nuna sa'ar da wurin, shi kuma ya buɗe ƙofar kuɗin kwalta. Ban yarda da masu cewa tudun gwamnati kaɗai ya yi aikin ba, domin an daina buge yara tun kafin a zuba shi. Ban kuma yarda ƙofar da lokacin tashi za su ɗore su kaɗai ba, domin duka biyun sun rataya ne a kan yardar malami ɗaya. Shekara biyu da rabi ma ba su isa a ce an rabu da matsalar ba.

Zanen tsallakawa ya koɗe bayan damina biyu. Daga matasa shida saura ɗaya, tela ne, shagonsa na kallon mararrabar, yakan ɗauki allon ya fito in ya ji hayaniyar yara. Trotro sun fara komawa tsohon wurin tsayawarsu in fasinja ya buga jikin mota. Littafin yana hannun telan, a ƙarƙashin keken ɗinkinsa, kuma layi na ƙarshe da ya rubuta game da fitilar ne, wadda ta mutu tun cikin hunturu.